Fatawa: Yaron da Nokawut Ya Lalata wa Ido

Tambaya: Malam, da daren Sallah ɗan maƙwabcina mai shekara goma ya jefa nokawut, ya fashe a fuskar ɗana, likita ya ce idon dama ba zai ƙara gani ba. Dattawan unguwa suna cewa in yafe, ƙaddara ce. Me shari'a ta ce?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Allah Ya ba yaron lafiya, Ya ba ku haƙuri.

Jefa nokawut a cikin mutane haramun ne. Akwai cutarwa a cikinsa, akwai firgita Musulmi, akwai ƙona dukiya a banza, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana duka ukun. Albarushi ne aka naɗe a takarda, yana cire yatsa, yana tayar da gobara a rumfunan kasuwa. Mai sayar wa yara da uban da ya ba da kuɗin saye suna da rabonsu na alhaki, balle 'yan sanda sun sha hana shi a lokutan bukukuwa.

Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta kayar da haƙƙi. Wanda ya jefa bai balaga ba, don haka babu ƙisasi, domin gangancin yaro kuskure ake ɗaukarsa. Abin da ya wajaba diyya ce. Cikakkiyar diyya raƙumi 100 ce ko dinari 1,000 na zinare, ganin ido ɗaya kuwa rabinta ne, wato dinari 500. A mazhabar Malik, abin da ya kai sulusin diyya ba a ɗora wa mai laifi shi kaɗai. Danginsa na wajen uba suke haɗuwa su biya, rabin diyya kuma ana raba biyansa cikin shekara biyu. Ba a yanke komai sai rauni ya warke, likita amintacce ya tabbatar ganin ya tafi. Hukumomin zakka na jihohi suna fitar da ƙimar diyya da naira gwargwadon farashin zinare, sai ku duba ta ranar hukunci.

Batun yafiya shi ne inda nake so ka natsu. Idon ba naka ba ne, diyyar ma ba taka ba ce, dukiyar yaron ce, kai amana aka ba ka. Waliyyi ba ya da ikon yafe haƙƙin ƙaramin yaro kyauta don kunyar maƙwabci. Malamanmu sun yarda ya karɓi ƙasa da cikakken adadi ne kawai idan masu biya ba su da hali, kuma maslahar yaron ce ta sa. Yaron nan zai girma da ido ɗaya, zai buƙaci magani da karatu da sana'a.

Ka adana rahoton asibiti da rasitai, ka riƙe shaidu. Ku fara da sulhu a gaban mai unguwa da malami masanin hukuncin diyya, a rubuta abin da aka daidaita. In ya gagara, ka kai ƙara kotun shari'a, babu laifi a kanka, kuma ba yanke zumunci ba ne.

Wallahu a'alam.