Ladan Dillali da Hakkin Ma'aikaci

Tun zamanin kakanninmu mun san dillali. A kasuwar shanu shi ya ke haɗa mai saye da mai sayarwa, ya daidaita ciniki, ya tsaya shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce, kāna ya karɓi la'adarsa. Ba mai ganin laifinsa. Amma yanzu wani irin dillanci ya yi yawa cikin biranenmu, watau dillancin aikin mutane. Banki, ko asibiti, ko wata ma'aikata, idan ba ta so ta ɗauki mutum aiki na dindindin, sai ta tafi wurin kamfanin samo ma'aikata, ta ce a ba ta mai gyaran wuta na wata shida, ko akawu, ko direba, ko masanin kwamfuta. Kamfanin ya aiko da mutum. Mutumin yana zub da guminsa a wurin wani, kuɗinsa kuwa yana fitowa ta hannun wani dabam. A takarda sau da yawa a kan rubuta shi mai aikin kansa, wanda ya ɗauki jinga.

'Ya'yanmu da yawa ta wannan hanya su ke samun abinci, waɗansu cikin 'yan'uwa kuma su ne masu irin kamfanonin nan. Saboda haka tambayar ta shafe mu duka: nawa ya halatta dillali ya riƙe, yaushe kuma ya wajaba ya biya?

Bari mu ba da misali domin mu ga yadda abin ya ke tafiya. A ce mai ba da aiki yana biyan kamfani naira 200,000 kowane wata saboda mutum ɗaya. Kamfanin ya ba mutumin 160,000, ya riƙe 40,000. Idan an auna da abin da mai ba da aiki ya biya, la'adar kashi 20 ce cikin 100. Idan an auna da abin da ya shiga hannun ma'aikaci, kashi 25 ce. Kuɗin ɗaya ne, amma dillali mai wayo ya san wanda zai ambata. Sai mu riƙa tambaya, kashi nawa na mene ne?

Ga kuma zancen lokaci. Mutum ya yi aikin watan Janairu. A ƙarshen wata shugaban wurin ya sa hannu a takardar kwanakin aikinsa. Kamfani ya aika da takardar neman biya, mai ba da aiki kuwa ya riga ya ɗauki sharaɗin kwana 60. Idan yarjejeniya ta ce ba za a biya ma'aikaci ba sai an biya dillali, wanda ya fara aiki a farkon Janairu ba zai ga kwabo ba sai Afrilu. Cikin waɗannan watanni zai biya kuɗin mota, da na haya, da na makarantar yara. Da ruwan ciki a ke jan na rijiya. In ya rasa, sai ya ci bashi da ruwa, kafin kuɗinsa ya zo kuma farashin hatsi ya tashi.

Kada mu yi saurin cewa la'ada sata ce. Sa'ad da masu karɓar haraji su ka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, bai kore su daga sana'arsu ba, ya dai hana su karɓar fiye da abin da a ka ƙayyade (Luka 3:12-13). Dillalin kirki yana da aiki na gaske. Yana neman inda a ke bukatar mutum, yana binciken halin wanda zai aika, yana rubuta yarjejeniya, yana bin bashi. Mafi nauyi duka, yana biyan ma'aikaci daga aljihunsa tun kafin a biya shi, wani lokaci da kuɗin da ya ranto a banki. Idan mai ba da aiki ya karye, asarar ta faɗa a kansa. Wanda ya ɗauki wannan kaya ya cancanci ladansa.

A nan ne fa ma'aunin ya ke. La'ada ladan ɗaukar kaya ce. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi ma sa aski. Dillalin da ya ci la'ada cikakkiya, ya kuma ɗora jira da hasara a kan ma'aikaci, ya ci lada ya ƙi askin. Ya mai da matalauci ya zama mai ba shi rance ba da saninsa ba, ba kuwa ribar ko anini.

Shari'ar Musa ta yi magana a kan wannan sarai. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai aiki, ya kuwa sa wannan a jere ɗaya da zalunci da ƙwace. Kubawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya kafin faɗuwar rana, ko mutumin ɗan ƙasa ne ko baƙo, ta kuma ba da dalili, watau shi matalauci ne, zuciyarsa tana kan kuɗin nan. Mu lura, dokar ba ta tsaya a kan yawan ladan kaɗai ba, ta kama har lokacinsa. Gama cikin mutum biyu, wanda ya fi ƙarfin jira shi ya kamata ya jira.

Har dokokin mutane sun gane wannan. A Ingila, dokar da a ka kafa a 2003 ta hana kamfanin samo ma'aikata ya riƙe kuɗin wanda ya aika da hujjar cewa mai ba da aiki bai biya ba tukuna. Daga Afrilu 2020 kuma dole ne a ba mutum takarda tun kafin ya yarda, mai nuna abin da za a biya shi, da abin da za a cire, da wanda zai biya, da lokacin biya. Amma dokar ta bar ƙofa: wanda ya ke aiki da sunan ɗan ƙaramin kamfaninsa yana iya sa hannu ya fita daga ƙarƙashinta, da haka kuwa ya rasa wannan kariya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, cikin yarjejeniyarta ta 181 ta shekarar 1997, ta kafa ka'ida cewa kada irin kamfanonin nan su karɓi kuɗi daga mai neman aiki, Nijeriya kuwa ta amince da ita a 2023. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu ta ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya, ko da ya ke ba kowane mai aiki ta rufe ba. Doka tana da ƙofofi, masu wayo sun san su. Mai bin Yesu ba ya auna kansa da ƙofar da doka ta bari.

Wani zai ce, "Ai ya karanta, ya sa hannu da kansa. Cikin misalin ma'aikatan gonar inabi, maigida bai tuna wa masu gunaguni abin da su ka shirya ba?" Gaskiya ne. Amma mu karanta Matta 20 da kyau. An yi jinga da safe a fili. Da maraice a ranar nan maigida ya sa wakilinsa ya biya, a idon kowa, har kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya samu. Ba wanda a ka rage ma sa, ƙarin kuwa daga aljihun maigida ya fito. Wannan misali ba ya ba mai ɓoye lissafi mafaka. Hannun da yunwa ta sa a takarda kuma ba ya wanke wanda ya rubuta ta.

Wani kuma zai ce, "Kamfanina ƙarami ne, ba ni da jarin da zan biya kafin a biya ni." Wannan kuka ne na gaskiya. Amsarsa ita ce, ka faɗa wa mutumin tun da fari, ka rage la'adarka gwargwadon kayan da ka sauke, ka ba shi wani abu a hannu kowane wata, kada kuma ka ɗauki mutum 50 alhali ƙarfinka na 10 ne. Batun ɓoye la'ada kuwa, muna tambaya, idan daidai ta ke, don me a ke jin tsoron faɗinta ga wanda guminsa ya haife ta?

Ma'aikaci ma yana da nasa nauyi. Kada ya rubuta kwanakin da bai yi ba. Idan ya yi alkawari, kada ya zagaya ta bayan dillalin da ya nemo ma sa aiki domin ya hana shi ladansa. Kafin ya sa hannu kuma, bari ya yi tambaya huɗu: Nawa mai ba da aiki ya ke biya saboda ni? Nawa zai shigo hannuna bayan an cire kome? Wace rana? Idan ba a biya ku ba, ni fa? Ya roƙa a rubuta amsar.

Sauran magana ta kanmu ce. Makarantunmu, da asibitocinmu, da majami'unmu na birni, waɗansu suna ɗaukar masu gadi da masu shara ta hannun kamfani. Idan kwamiti ya jinkirta biya wata biyu domin a gama gini, kada ya zaci kamfani ya jinkirta wa. Mai gadin da ya ke buɗe mana ƙofa ran Lahadi shi ne ya kwana da yunwa. Yaƙub 5:4 ya gargaɗe mu cewa ladan da a ka danne yana da murya, kukan masu girbi kuma yana kaiwa kunnen Ubangiji. Ba za mu iya amsa ma sa da cewa akwai wani a tsakani ba.

Domin wannan, 'yan'uwa, bari kowane ma'aji da kowane dattijon ekklesiya ya bincika cikin watan nan: nawa mu ke biya, nawa ke kaiwa hannun mutumin, a wace rana kuma? Ubangiji ya ba mu zuciyar yin gaskiya cikin abin da ke hannunmu. Amin.