Gurbin da ake bari a wuyan babur

Wuyan babur ba ya cikin abubuwan da mai babur ke yawan tunawa da su. Ɓoye yake a bayan fitila, gajeren bututu ne da bai wuce taƙi ɗaya ba. Ta cikinsa sandar ƙarfe ta ratsa ta haɗa kan babur da fok biyun da ke riƙe tayar gaba. A sama da ƙasan bututun akwai zobe mai kwari, a cikin kwarin kuma 'ya'yan boris ke zaune, kowace ƙwaya faɗinta bai fi milimita shida da 'yan kai ba. Duk nauyin gaban babur da duk ramin da taya ta faɗa, a kansu yake sauka.

A Ƙofar Ruwa, inda kasuwar ƙarafa da kayan gyara ta cika ta batse a ƙaramar hukumar Dala, har yanzu akan ga dattijo ya turo tsohon babur Honda 175 wajen bakanike. Irinsa ma'aikata suka yi ta saye da kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, kuma tun 1979 kamfanin ya daina ƙera shi. Boris ɗinsa ba a ɗaure yake cikin keji ba, ƙwayoyin a sake suke. In aka kwance notin wuya ba a shimfiɗa buhu a ƙasa ba, sai su zube su bazu cikin baƙar ƙasar gareji, a wuni ana tsinta.

Wajen mayarwa ake ganin abin mamaki. Bakanike zai wanke zoben da kananzir, ya lafta masa giris mai kauri, sannan ya riƙa dasa ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, giris ɗin ne ke riƙe su kada su faɗo. Idan ya zagayo, sai a ga ɗan gurbi ya rage. Sabon yaron shago ba ya iya yin shiru a nan.

"Oga, ɗaya ta ɓata."

"Ba ta ɓata ba. Bar shi haka."

Wanda ya cusa wata ƙwayar don zoben ya cika, ya ɓata aiki. Ƙwayoyin za su matsi juna su cije, babu wadda za ta sami wurin mirginawa.

Haka abin yake a wajen noti. Ana ɗaure shi har ya kama, a juya kai hagu da dama don ƙwayoyi su zauna, sai kuma a ɗan sassauta. Ana ɗaga tayar gaba a taɓa kan da yatsa: ya kamata ya kwanta gefe da nauyin kansa. A kama fok a ja gaba da baya: bai kamata a ji motsi ba. Su ma fok ɗin, bayan an zuba musu mai daidai wa daida, ba a ƙulle notocinsu sai an sa taya an danna kai ƙasa sau da dama, kowane ƙarfe ya nemi mazauninsa.

Me ya sa ake wannan lallami? Domin babur ba ya tafiya a miƙe sai tayar gaba tana da 'yancin karkata. Duk lokacin da ya ɗan rinjaya gefe, tayar takan juya can da kanta ta tare shi, gyara ne ƙanana da mahayi ma bai san ana yi ba. Ikon Allah, miƙewar hanya daga waɗannan 'yan karkace-karkacen take fitowa. In aka matse wuya, gyaran yakan makara, sai babur ya riƙa tangaɗi a kan shimfiɗaɗɗen titi.

Sai dai mutane sun fi tsoron sakakken wuya, saboda shi yana tona kansa. Da an taka birki sai a ji ƙwas, kowa ya ce a kai shi gyara. Matsattsen wuya kuwa shiru yake, har mai shi ya riƙa yabon bakanike ya ɗaure masa babur tamau. Gidaje da yawa haka suke. Yaron da aka sake, unguwa duka ta san da shi, ana ta kawo ƙararsa. Wanda aka cike wa kowane gurbi, daga boko sai Islamiyya sai shago, ba a taɓa barinsa ya yanke ko ƙaramar shawara ya yi kuskure ya gyara ba, shi ake kira mai ladabi. Ba a ganin komai sai ranar da ya hau hanya shi kaɗai, babu uba babu maigida, a ga ƙato yana tangal-tangal a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Matsin da ya daɗe yana barin tabo. Ƙwayoyin sukan lotsa zoben a daidai inda kai ke fuskantar gaba, sai a ji yana maƙalewa a tsakiya duk lokacin da aka juya shi. A wannan gaɓar sassauta noti ba ya magani. Dole a sa ƙarfe da guduma a fitar da zoben, a ba yaro tsohon a hannu ya shiga layin 'yan kayan gyara yana gwadawa rumfa rumfa, don babur mai shekara hamsin ba kowane mai shago ne ya san lambar kayansa ba.