Amincin Furosesa: Kiyayewa da Adalci

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, tana zartar da biliyoyin umarni cikin daƙiƙa guda, babu kuwa mai iya bin sawunsu ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka idan aka ce ta Intel ta fi ta AMD aminci, ko ta AMD ta fi, ba amincin aka gani da ido ba. An dai ga ta daɗe ba ta yi tuntuɓe ba. Nan ne tambayar David Hume, masanin falsafa na ƙarni na 18, take shigowa: wace hujja ke tabbatar da cewa abin da ya saba faruwa jiya zai sake faruwa gobe?

A 1994 Thomas Nicely, malamin lissafi a kwalejin Lynchburg ta Amurka, ya gano cewa furosesar Pentium ta Intel tana kuskure a wasu lissafe-lissafen rabawa. Intel ta riga ta san da aibin, ta yi shiru. Da maganar ta fito, sai ta ce mai amfani na yau da kullum zai yi shekara 27,000 kafin ya ci karo da shi. Sai da IBM ta dakatar da sayar da kwamfutocinta masu Pentium sannan Intel ta amince ta canza wa kowa, abin da ya ci mata dala miliyan 475.

Malaman hadisi sun daɗe da raba irin wannan gardama ta aminci gida biyu. Suna neman mai ruwaya ya zama mai kiyaye abin da ya ji, kuma adali. Kiyayewa ana iya jingina ta ga na'ura, amma adalci ba ya hawa kan abin da ba shi da niyya. Kamfani ake tambaya. AMD ma ta sha nata: furosesarta Phenom ta 2007 ta fito da aibi, gyaran da aka yi mata kuma ya rage mata gudu.

Akwai kuma mai ruwayar da ya rikice bayan ya tsufa, wanda malamai ke karɓar abin da ya faɗa kafin rikicewar kawai. A 2024 an ga irinsa a wasu furosesocin Intel na zubi na 13 da na 14: lafiya lau suke fara aiki, sannan wutar da ta wuce kima ta riƙa cin su a hankali. Kamfanin ya fitar da gyara, ya ƙara shekara biyu a kan garanti, sai dai gyaran ba ya dawo da wadda ta riga ta lalace.