Garantin aikin kankare: a rubuta tun kafin a kwaɓa siminti

A watan nan sau biyu ana kawo wa kwamitin masallaci ƙara a kan aikin kankare. Ɗaya daɓen gaban shago ne ya tsage a damina ta farko, ɗaya kuma intaloki ne ya lotsa, ruwa na kwanciya a tsakar gida. Mai gida ya ce an yi masa alƙawarin gyara, ɗan kwangila ya ce bai faɗa ba. Babu takarda, babu shaida.

Allah Ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawura. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuwa, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. To garanti ma ai nauyi ne a wuyan wanda ya ɗauka.

Malam ɗan kwangila, ka tuna lokacin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya nesanta mai algus daga gare shi. Kankare ya fi hatsi ɓoye aibi. Da ya daskare, wa zai cusa hannu? In an yi ciniki a kan awo ɗaya na siminti, biyu yashi, huɗu tsakuwa, ka rage siminti, ko ka zuba a kan ƙasar da ba a daddaɓe ba, algus ne, ko da saman ya yi sumul.

Alhaji mai gida, kai ma da naka. Sabon kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai wajen kwana 28 yake cika ƙarfi. Ka sa tirela ta hau a kwana na uku, sannan ka ce a gyara maka kyauta? Haka ciyawa da furanni, in ba ka ba su ruwa suka bushe, ba laifin mai shuka ba ne.

A rubuta wata nawa garantin zai yi, kuma a nan kudu gara ya haɗa da damina guda cikakkiya. A bambance siririn tsagi na sama da tsagewar da ta raba daɓe. In za a riƙe wani kaso na kuɗin, a faɗi ranar biya, kuma ranar ta zo a biya, ban da "dawo gobe".

Mai son shaidu ya same mu a ofishin sakatare bayan La'asar.