Hukuncin Sakin Dabbobi a Cikin Gari da Tarar da Hukuma Ke Ci

TAMBAYA

Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin cikin birnin Kano ne. Ina da 'yan tumaki da awaki da nake kiwo a gida, da su nake rufa wa kaina asiri idan Babbar Sallah ta matso. Da safe yara kan buɗe musu ƙofa su fita, da yamma su dawo da kansu, haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi. Kwanan baya aka yi shela cewa duk dabbar da aka gani tana yawo a titi za a kama ta. Aka kama mini biyu, sai da na biya tara da kuɗin ciyarwa kafin a ba ni su. Kafin wannan, akuyata ta cinye wa wata maƙwabciyarmu shanyar gero, ta ce sai na biya, amma wani ɗalibi ya ce mini ɓarnar rana ba a biyanta a shari'a. Shin wannan doka ta hau kaina? Kuɗin da suka karɓa halal ne? Gero fa, sai na biya? Sannan an ce a yi wa karnukan gadi allura, kuma an hana ajiye namun daji a gida, ga shi ƙanena yana da biri a ɗaure. Ina neman ƙarin haske.

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, kiwo a cikin gari halal ne, sana'a ce mai albarka, ba kuma wanda ya ce ka daina. Abin da aka hana ka shi ne sakin dabbobin, kuma shari'a ta riga ƙaramar hukuma hana ka. Bari mu fara da geron maƙwabciyarka, domin idan aka warware shi sauran ba za su yi wuya ba.

Ɗalibin nan bai ƙirƙiri maganarsa ba, rabinta ya kawo. Asalinta hukuncin da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa game da taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani mutum ta yi ɓarna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora wa masu gonaki tsaron gonakinsu da rana, ya ɗora wa masu dabbobi biyan abin da dabbobinsu suka ɓata da dare. Shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suka yi, wadda ke cikin Suratul Anbiya'i, ita ma a kan tumakin da suka faɗa gona da dare ce. A kan haka Ibnu Abi Zaidin ya tafi a Risala, inda ɗaliban zaure da yawa suka fara jin mas'alar suka kuma tsaya.

Sai dai a tambaya: me ya sa aka raba dare da rana? Saboda a garin da ke da makiyaya da gonaki, al'ada ita ce a kora dabbobi daji da hantsi su ci ciyawa, manomi kuma yana gonarsa yana gani, da dare kuwa manomi ya koma gida, dabba ta koma turke. Shi ya sa malaman mazhabar Malik ba su bar maganar sake ba. Shaihu Halilu a Muhtasar ya sa sharaɗi cewa ba a biyan ɓarnar rana idan an saki dabbobin nesa da gonaki kuma babu makiyayi tare da su. Idan akwai makiyayi, biya na kansa. Ibnu Rushdi a Bidayatul Mujtahid ya kawo cewa almajiran Malik sun ce rangwamen yana ga wanda ya saki dabbarsa a makiyaya ne, wanda kuwa ya sake ta a wurin da duk shuka ce, zai biya ko da dare ko da rana. To, yanzu ka dubi lungunku. Ina makiyayar take? Daga ƙofar gidanka sai ƙofar wani, sai teburin mai tumatir, sai kaskon mai ƙosai, sai kwalta. Wanda ya buɗe wa akuya ƙofa a irin wannan wuri ya san ba ciyawa za ta tarar ba, kayan mutane za ta tarar. Ga kuma ƙari: dabbar da aka sani da ɓarna, aka kuma gargaɗi mai ita, malamanmu sun ce zai biya duk abin da ta ɓata a kowane lokaci, kamar yadda suka faɗa game da mai katangar da ta karkata da mai kare mai cizo. Abin da na fahimta shi ne shelar hukuma tana tsayawa a matsayin wannan gargaɗi ga kowa da kowa.

Saboda haka ka biya ta. Gero abin awo ne, ana mayar da irinsa, kwano da kwano, sai in ta yarda ta karɓi kuɗi. Amma ka ce shanya, ba ka faɗi inda aka yi ta ba. Idan a zaurenta ne ko a ƙofar gidanta inda aka saba, duka na kanka. Idan kuwa tsakiyar hanya ta baza tabarma ta shige gida ta bar shi ba mai tsaro, to in ɓera da sata daddawa ma da wari, ku je gaban mai unguwa a yi sulhu, ka ɗauki kaso mafi tsoka. Kuma ka gode wa Allah da abin ya tsaya a gero. Da tunkiyarka ta gitta wa mai A Daidaita Sahu ya kauce ya kifar da fasinjoji, da ba zancen kwano ake yi ba. Hadisin da ya ɗauke biya a kan raunin da dabba ta yi yana magana ne kan inda mai ita bai yi sakaci ba.

Game da dokar kanta, i, ta hau kanka. Allah ya yi umarni da biyayya ga majiɓinta al'amari a Suratun Nisa'i, kuma sananne ne a wurin malamai cewa shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake halal idan akwai maslahar jama'a a bayyane. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda ita ma tana cikin Muwaɗɗa, ta isa hujja. Ta fuskar tsarin ƙasa ma ba shisshigi suka yi ba: jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kula da ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da kasuwanni da mayanka. Batun haka muka ga iyayenmu suna yi kuwa, iyayenmu sun yi kiwo ne lokacin da fita ƙofar ganuwa kaɗan sai ka faɗa gonaki da fili. Al'ada tana bin halin da ta taso a cikinsa. Su dabbobin ma sakin bai amfane su ba. Bola suke zuwa, leda suke haɗiya, kuma kowane mahauci zai gaya maka irin dunƙulen ledar da yake cirowa daga tumbin akuyar cikin gari. A mazhabarmu fitsari da kashin dabbar da ake ci tsarkakakku ne, amma idan najasa take ci sun zama najasa, ga shi a tsakar gidan da ake shimfiɗa dardumar sallah take kwana.

Kama dabbar da ke yawo yana da asali. A zamanin Sayyidina Umar ɓatattun raƙuma barinsu ake yi suna yawo har su hayayyafa, ba mai taɓa su. Da zamanin Sayyidina Usman ya zo, hali ya canza, sai ya sa a riƙa cigiyarsu, sannan a sayar, idan mai su ya bayyana a ba shi kuɗinsa. Malik ne ya ruwaito wannan.

Kuɗin da ka biya kuwa ba hukuncinsu ɗaya ba. Na ciyarwa bashi ne a kanka, matuƙar da gaske an ba su dusa da harawa da ruwa, kuma ba a tsuga farashi ba. Tara ita ce wurin saɓani, kuma saɓanin ba ƙarami ba ne. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu ba su yarda a yi horo da karɓar dukiya ba, tsoronsu kada a buɗe wa azzalumai ƙofar cin dukiyar talakawa. Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa ya halatta, haka Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim. A cikin Malikawa, Ibnu Farhun ya tattaro misalan da ke nuna halacci a littafinsa Tabsiratul Hukkam, Burzuli ma ya ba da fatawar halacci a Tunis, wasu malaman zamaninsa suka yi masa raddi mai zafi. Ni abin da na fi natsuwa da shi shi ne halacci a irin wannan laifi da ba shi da haddi, domin in ba tara ba sai ɗauri, kuma ba wanda zai ce kulle magidanci saboda akuya ya fi karɓar 'yan kuɗi sauƙi. Amma da sharuɗɗa: a yi shela tun kafin a fara kame, adadin ya zama sananne ba na ciniki ba, a ba da rasit, kuɗin su shiga asusun hukuma. Abin da ma'aikaci ya karɓa a bayan mota ya zura aljihu cin hanci ne, ko da ya kira shi na goro. Ko a wurin waɗanda suka hana tara, laifin yana kan mai karɓa ne, kai da ka biya don ka fanshi dabbarka ba ka da zunubi, kuma saɓanin bai ba ka izinin sake buɗe musu ƙofa gobe ba.

Ina da magana da su masu kamen. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi akwai cewa dabbobin talaka idan suka shiga cikin nasu ba sa fita sai an bar wani kaso, nasu kuwa ko an same su suna ɓarna a gona ba mai korarsu. Dokar da ke kama akuyar bazawara ta kauce wa shanun mai hali ta koma wannan gidan jiya. Dabbar da aka tsare amana ce; hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha bai ware ma'aikacin gwamnati ba. Idan wa'adi ya cika aka yi gwanjonta, a cire abin da aka kashe, ragowar na mai ita ne. Yanka ta a raba nama ƙwace ne.

Kai ma da za ka ɗaure su, ɗaurin yana da haƙƙi: inuwa, ruwa, igiyar da ba ta shaƙe wuya, da share turke. Kada ka riƙa tura kashinsu cikin kwatar da ke bi ta ƙofar maƙwabta, kada wari ya hana su zama a tsakar gidansu. Idan duba-gari ya ce sun yi wa gidan yawa, ka rage.

Kare: Risala ta hana ajiye shi a gidajen cikin gari, ta bar na gona da na kiwo da na farauta, saboda hadisin raguwar ladan mai ajiye kare. Sai dai masu sharhi sun kawo cewa shi kansa mai Risalar ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya amsa cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki ma zai ajiye. Don haka mai buƙatar gadi ta gaskiya ya samu sauƙi, mai ajiyewa don ƙawa bai samu ba. Wanda ya ajiye kuwa, allurar rigakafi wajibi ce a kansa, da ɗaure shi da rana. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, kuma kusan duk masu kamuwa daga cizon kare suke samunsa, yara ne kuma kan gaba. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na kamar minti 15, ya nufi asibiti a ranar, addu'a da tofi su biyo shi can. Mahaukacin kare ana kashe shi, kisa mai sauri. Taron yara su bi kare da jifa har ya mutu, ko a watsa guba a bola inda kyanwa da kaji da ƙananan yara ke zuwa, duka bai halatta ba.

Birin ƙanenka ya rabu da shi. Ajiye tsuntsu a keji ya halatta idan ana ciyar da shi, saboda ƙissar ƙanen Anas ɗan Malik da ɗan tsuntsunsa, amma biri yana cizo, yana ɗauke da cuta, kuma sarƙa a ƙugu shekara da shekaru azaba ce ba tare da wata buƙata ba. Arewa ta kafa dokar namun daji a 1963, tarayya kuma ta kafa ta kare nau'o'in da ke neman ƙarewa a 1985. Keɓe wuri irin Yankari yana da madogara a keɓe filin Naƙi'u da Annabi ya yi da keɓe filin Rabza da Umar ya yi. Wanda ya girma yana ganin ungulu jingim a mayanka ya duba yau ya ga ko zai ƙirga biyar, ya san dokar ba don wasa aka yi ta ba. Kada ya sake shi a unguwa, kada kuma ya sayar wa gardawa masu wasa da kura; ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji ko gidan zu na Audu Bako ya ji yadda za a karɓe shi. Abin da ke cutarwa kuwa, irin su kunama da ɓera, an yi izinin kashe su, balle ɓera da ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Macijin gida an yi umarni da yi masa gargaɗin kwana uku a Madina, Risala ta ce yin haka a wasu garuruwa abu ne mai kyau, amma kububuwa ko gamsheƙa a ɗakin da yara ke kwana ba a jira da ita, a kashe, kada dai a ƙona ta da wuta.

Wallahu a'alam.