Takarda da Tawada, da Akwatin Magana

'Yan'uwa cikin Ubangiji, ku buɗe wasiƙar Yohanna ta biyu, ku dubi aya ta 12. Dattijon manzo yana da magana da yawa, ga takarda ga tawada a gabansa, amma ya ajiye alkalami, yana sa zuciya ya je da ƙafarsa su gana. Bai raina takarda ba, gama da ita ya aiko da saƙon nan. Ya dai san iyakacin aikinta.

A ƙasarmu ta Haɗejiya, dā labari da ƙafa yake tafiya. Fatake su kawo, masunta su kawo, ranar kasuwa a baza. Wanda ya kawo labari kuwa an san gidansu. In mai ƙarin gishiri ne, an san yadda za a rage.

A shekara ta 1930 hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta kai Nguru, ta bi ta Malam Madori da Birniwa. Domin gyaɗa da fatu aka shimfiɗa ta, amma jirgin da ya tafi da gyaɗa bai dawo wofi ba. Takardun ɗab'i suka fara shigowa. An buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. A watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito daga Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta. Ku lura da abin da ya faru a zaure. Yaron da ya koyi boko shi ke riƙe da jarida yana karantawa, masu furfura sun yi shiru suna saurare. Ashe yaro ya zama baki, dattijo ya zama kunne! Kakanninmu ba su saba ganin haka ba.

Rediyo kuwa bai ma jira kowa ya iya karatu ba. Sashen Hausa na BBC ya fara magana daga Ingila a 1957, Rediyon Kaduna a 1962. Makiyayi ya rataya akwatinsa a kafaɗa, masunci ya ajiye nasa a cikin kwalekwale. Wanda bai taɓa taka Katsina ba ya haddace muryar Mamman Shata. Hausar masu karanta labarai ta shiga bakin 'ya'yan Mangawa da Badawa. Da dare kuma, lokacin tatsuniyar kaka, sai a ce mata ta dakata, za a ba da labarin duniya. Ta dakata, a gidaje da yawa har yau ba a ce ta ci gaba ba.

Kada wani ya ce muna zagin rediyo. Mu ma mun ci moriyarsa. Tashar ELWA ta fara aiki a Laberiya a 1954, Muryar Bishara kuma daga Addis Ababa a 1963, har sojojin Habasha suka ƙwace ta a 1977. Bishara ta shiga ta kan katanga inda mai wa'azi ba shi da ikon yin sallama. Mun gode wa Allah saboda wannan.

Amma ga abin da ke damunmu. Akwai waɗansu cikinmu da suka bar zuwa sujada, suna cewa ai sun ji wa'azi a rediyo, ko a wayar hannu, wa'azin ma ya fi na fastonsu daɗi. Watakila ya fi, ba ma musu. To, mai wa'azin nan ya san sunanka? Sa'ad da kogi ya yi ambaliya ya cinye maka shinkafa, shi ya kawo maka tiyar gero? Ranar da ka fāɗi cikin zunubi, akwati ba zai tsauta maka ba. In ma ya taɓo inda ke maka ciwo, sai ka murɗa ka koma wata tasha. Ɗan'uwan da ya zauna a kan tabarmarka ba ya murɗuwa, shi ya sa waɗansu suka fi son akwatin.

Dattawan ekklesiya, ran Lahadi mai zuwa ku duba wuraren da suka zama wofi, ku rubuta sunayen masu su. Kada ku aika da saƙo ta waya. Ku tafi biyu biyu da yamma, bayan an dawo daga fadama, ku yi sallama, ku zauna.