Darasi na Bakwai: Abincin Daniyel da Abincin 'Ya'yanmu

Karatu: Daniyel 1:8-16, 1 Korintiyawa 6:19-20

'Yan'uwa cikin Almasihu, sa'ad da aka kai Daniyel da abokansa uku Babila, sarki Nebukadnezzar ya sa a riƙa ba su abinci daga teburinsa. Daniyel ya ƙi, domin kada ya ƙazantar da kansa a gaban Ubangiji. Ya roƙa a gwada su kwana 10 da abin da gona ke bayarwa, da ruwa. Da kwanakin suka cika, sai aka iske sun fi sauran samari kyan jiki.

Lalle biyayya ce ainihin koyarwar wannan sura. Amma muna koyon wani abu kuma: Allah ya sa lafiya cikin abincin talaka.

A shekara ta 1933 wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, ta bayyana wani ciwon yara a Ankara, cikin ƙasar da ake kira Gana yanzu. Mutanen Ga suna ce da shi kwashoko, wato ciwon yaron da aka ture daga nono domin an sami ƙane. Ƙafafunsa su kumbura, gashinsa ya yi ja, fatarsa ta yi ta saɓulewa. Ta lura kokon masara kaɗai ake ba yaran nan, ta kuwa yi musu magani da madara.

Mu ma mun san wannan ciwo. Sau da yawa akan ce maita ce, a zargi wata tsohuwa marar laifi, alhali maganin yana cikin rumbu. Tuwo da rogo suna cika ciki, amma wake, da gyaɗa, da ƙwai, da kifi, da nono su ne ke gina jiki. Manja, da zogale, da gwanda suna tsare ido daga dundumi.

Me ya sa fa maigida yakan cinye nama, yaro ya lashi romo? Me ya sa mukan hana yaro ƙwai, wai kada ya zama ɓarawo? Manzo Bulus ya koya mana jikinmu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Jikin ɗan yaye ma haka yake.

Tambayoyi
1. Don me Daniyel ya ƙi abincin sarki?
2. Wa ke fara cin nama a gidanmu?
3. Wane gida cikin ikilisiyarmu za mu kai wa wake ko gyaɗa a wannan mako?

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu hikima mu ciyar da ƙanana da abin da ka tanada. Amin.